Ƙotar Kirya a Motar Sha'ibu

Duk wanda ya taɓa shiga tashar Gazawa neman motar Maraɗi ya san Sha'ibu direba, in bai gan shi ba to ya ji muryarsa. Mutum ne da ba ya tsoron jandarma, ba ya tsoron 'yan duwan, wato kwastan, ba ya tsoron ramukan hanyar Agiye. Haka dai yake gaya wa fasinjoji, kuma tun da shi ke riƙe da sitiyari su kuwa rayukansu na hannunsa, ba wanda ke musa masa. Abu guda ne a duniya ke faɗar masa da gaba, shi ne hannun daman yayansa Sabo, wani tsoho makaho da ke can Gidan Sori. Hannun nan bai taɓa marinsa ba. Abin da yake yi kawai, duk ranar da Sha'ibu ya je gida, sai ya laluba cikin mota ya kama kan giya, ya ji ko aikinsa na nan. Sha'ibu kuwa ya fi shekara ashirin yana jin kunyar aikin nan, yana kuma fama kada mai aikin ya gane kunyarsa ake ji.

Gidansu Sha'ibu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar gatari da ta fartanya, duk abin da itace zai iya zama to a ƙofar gidansu yake zama. Ubansu ya rasu Sha'ibu bai daɗe da fara riƙe gizago ba, sai Sabo ya ɗauke shi, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya ci gaba da koya masa sana'a daga inda tsohon ya tsaya. Ana haka wata ranar kasuwa a Gidan Rumji yaron ya ga wani direban babbar mota ya zo lodin gero, da baƙin tabarau da ashana a baki, manyan mutane na yi masa sannu yana amsawa da kai. Daga ranar itace ya fita daga ran Sha'ibu. Bai yi sallama da kowa ba ya bi mota, kuma bai tsaya a Maraɗi ba, don a Maraɗi ana iya cin karo da mutumin ƙauyensu. Sai da ya dangana da Gazawa, inda ba wanda ya san asalinsa, sannan ya sauke numfashi.

A Gazawa ya sake haihuwar kansa. Duk wanda ya tambaye shi gida sai ya ce ubansa falke ne mai raƙuma, daga Gobir har Agadas an san shi. Allah ya jiƙan tsoho, da ransa ko jaki bai mallaka ba, sai da ya kwanta dama ɗansa ya saya masa raƙuma. Sha'ibu ya yi yaron mota, ya sha zagi, ya sha tura mota a yashi, ya samu permi na tuƙi, ya ja motocin mutane shekara da shekaru, har Allah ya nufe shi da tasa ta kansa, wata tsohuwar Fijo da ta riga ta ga jiya ta ga yau. Komai nata da sauran rai sai abu ɗaya: sandar giya tsirara take, ba kai. Ƙarfen ya dinga cin tafin hannunsa, ya naɗa tsumma, tsumma ya huje, ciwo ya ruru. A haka ya ja ta zuwa Gidan Sori don dangi su ga abin da ya zama. Dangi kuwa sun gani, don yana isa zazzaɓi ya kayar da shi, hannun ya kumbura suntum, sai ɗaukarsa aka yi aka kai ɗaki.

Yana kwance bai san inda kansa yake ba Sabo ya buɗe tafin ya duba, ya fita ya duba ƙarfen. A wajen Sabo lissafin ba shi da wuya. Duk ƙarfen da hannu ke riƙewa in ba shi da ƙota, to ba a gama ƙera shi ba. Ya kira maƙwabcinsa Rabo maƙeri, wanda ke gyara amalanke da injin niƙa, suka kwance sandar giyar suka tafi da ita maƙera. Ranar da Sha'ibu ya iya miƙewa ya leƙa motarsa, sai ya tarar da dunƙulen itacen kirya kamar ƙwallon goruba zaune daram a kan giya, an goge shi sumul, da ɗan gurbin babban yatsa a gefe. Ashe yana cikin magagin zazzaɓi Sabo ya auna hannunsa. Sha'ibu ya ɗora tafinsa a kai, abin ya zauna kamar da shi aka haife shi. Ya ce an gode, a daƙile. Bai tambayi yadda aka ɗaura shi ba, don babban direba ba ya tambayar masassaƙi harkar mota.

Bai kwana biyu da komawa Gazawa ba tasha ta raɗa masa suna, Sha'ibu Ƙota. Sunan ya kama shi ƙam, labarin raƙuma ya fara ɗingishi. Ya so ya cire abin ya jefar, amma abu biyu suka hana shi. Na farko, hannunsa bai sake ciwo ba, kuma ko maƙaryaci yana son lafiyar hannunsa. Na biyu, Sabo. Sai ya ɓullo da dabara irin ta masu ilimin tasha, ya samo baƙar safa ya zura wa kan giyar, ya ɗaure da roba. Duk zirga-zirgarsa tsakanin Gazawa da Maraɗi da safa ake yi. In kuwa Salla ta zo, ko suna, ko rasuwa, ya kama hanyar gida, yana wuce Tibiri sai ya faka a gindin wata bishiya, ya zare safa ya cusa a aljihu, ya shiga Gidan Sori da fuskar ƙanen kirki.

Shekaru suka tura, ciwon yana ya rufe idon Sabo, ɗaya sannan ɗayan. Ya ajiye gizago, 'ya'yansa maza suka watse neman kuɗi, sai 'yarsa Saudatu ke jan sandarsa. An sha ce masa likita na cire yana, ya ce idon da Allah ya rufe ba zai kai shi a sa masa wuƙa ba. Abin da ya rage masa na daɗin duniya shi ne zuwan motar nan. Yana jin ƙugin injin zai ce a kai shi. Kafin ya tambayi Sha'ibu iyali sai ya zura hannu ya ce, "Tana nan?" Sha'ibu ya ce, "Tana nan, Yaya." Sai tsoho ya ciro ɗan gwangwanin man shanu daga aljihu, ya lakato, ya yi ta shafa wa itacen yana murzawa da yatsa, yana gaya wa duk wanda ke tsaye cewa turamensa sun tsaya a tsakar gidajen mata, amma wannan ƙotar ta je Damagaram, ta je Katsina, ta ga kwalta. Sha'ibu na gefe yana murmushin dole, yana tunanin yadda warin man shanu zai bi shi har Gazawa.

Kada a ɗauka Sha'ibu mugu ne. Yana aika wa yayansa gero da sukari, yana son shi har cikin ransa. Ciwonsa dai ido ne, idon mutane. Motarsa sai an tura take tashi, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, fitila ɗaya ta daɗe da yin ritaya. Amma ka leƙa ciki ka ga labule mai geza, ka ga madubi uku, ka ga furen roba a gaban gilashi, ga turare yana fesawa kamar ɗakin amarya. Matarsa Zaituna, mai yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, takan ce da za a ba shi zaɓi tsakanin birki da labule, sai dai fasinja su yi ta salati.

Ranar da abin ya ɓaci, Zaituna ce ta wanke safar ba ta bushe ba. Sha'ibu ya fita haka nan, da niyyar rufe wurin da hula. Aka yi rashin sa'a wata ma'aikaciyar buro, wato ofis, ta karɓi gidan gaba, mace mai tabarau da jaka, irin fasinjar da Sha'ibu ke gyara murya dominta. Tana zama hular ta zame. Ta dubi abin da kyau, ta ce, "Direba, wannan taɓaryar ta dakan yaji ce, ko ta fura?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma Bilyaminu na tsaye jikin taga, wani direba mai sabon jini da ya daɗe yana neman inda zai kama Sha'ibu. Washegari da Sha'ibu ya iso tasha, sai ya tarar an ɗora masa ɗan ƙaramin turmi a kan bonet, 'yan kamasho na ta kallon sama kamar ba su san zancen ba.

A makon nan ya ƙetara kasuwar Ɗankama ya dawo da abin da zai wanke masa suna: kan giya na roba mai kama da gilashi, garai-garai, da jan fure a cikinsa, da lambobi a sama. Mai kayan ya ce masa ba wani aiki ba ne, duk kan giyar duniya murɗa shi ake yi, ka murɗa hagu tsoho ya fita, ka murɗa dama sabo ya zauna. Maganar nan ta yi wa Sha'ibu daɗi ƙwarai. Ke nan an huta da safa. A Gazawa fure, in an wuce Tibiri a murɗe a mai da kirya, Yaya ya shafa mansa, kowa ya samu abin da yake so. Don daɗin dabarar, tun kafin ya je gida sai da ya bi ta tasha ya gaya wa Bilyaminu ya wanke idonsa gobe da safe.

Da la'asar ya faka a gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa, ya naɗe hannun riga. Zaituna ta leƙo ta kan katanga.

"Baban Ridwanu, me itacen nan ya yi maka?"

"Zamani ya wuce shi."

"Zamani ya wuce ƙofar baya ma, ga ta can da igiya. Da da ita ka fara."

"Ke kin san mota ne?"

"Ban san mota ba. Na dai san Yaya Sabo."

Ya ce mata ai ba jefarwa zai yi ba, ajiyewa zai yi, ta koma wajen tuyarta. Ya kama kirya ya murɗa hagu. Ko gezau. Ya murɗa dama, ko mai kayan ya juya zancen. Ko gezau. Ya ɗiga baƙin mai, ya jira, ya naɗa tsumma ya sa filaya, ya dage har sai da motar kanta ta girgiza, gumi na ɗiga daga gemunsa. Itacen na nan zaune yana ƙyalli da man shanun shekaru, kamar ba da shi ake ba. Sha'ibu ya tuna turmin da ke kan bonet, ya tuna ya riga ya cika baki a tasha, zuciya ta ɗebe shi. Bai san lokacin da babban yatsansa ya bi jikin itacen ya tsaya a kan wata siririyar jijiya ba. Ya kafa bakin sukudireba a wurin, ya ɗaga guduma ya sauke sau ɗaya. Kirya ta rabe biyu kamar goro. Abin kunya, a daidai lokacin wani daɗi ya ratsa shi, daɗin sara mai kyau, wanda rabonsa da ji tun yana yaro.

Daɗin bai daɗe ba. Abin da ya fito daga cikin itacen ba irin ƙarfen da mai kaya ya kwatanta ba ne. Babu haƙoran da ake murɗa komai a kai. Wani baƙin tsini ne mai kusurwa huɗu, an buge shi a maƙera, cikin itacen kuma duk ƙuna. Sai yanzu Sha'ibu ya gane abin da aka yi yana kwance. Sabo da Rabo sun ɗauki sandar giya kamar yadda suke ɗaukar gatari: a sa wutsiyar ƙarfe a wuta ta yi ja, a buge ta ta yi tsini, a luma ta cikin ƙota tana hayaƙi har ta ci wa kanta gurbi. Abin da aka ɗaura haka ba a yi shi don ya fita ba. Su a saninsu gata suka yi masa, don a Gidan Sori ƙotar da ke fita abin kunya ce ga mai ita.

Ya ɗora mai furen a kan tsinin, ya yi ta rawa kamar hula a kan sanda. Ya dubi ɓarin itacen nan biyu a ƙasan mota, sai ya yi abin da ya saba yi in abu ya fi ƙarfinsa, ya kwashe su ya watsa a kan tarin itacen girki don kada ya gan su. Ya yanko robar tsohon tub ya nannaɗe tsinin, ya danna mai fure da ƙarfi har ya tsaya. Da safe ya shiga tasha da hon. Aka taru aka leƙa, 'yan kamasho suka ce ma sha Allah, Bilyaminu ya taɓe baki ya ce ba laifi. Wannan "ba laifi" ita ce ribar da Sha'ibu ya samu a duk cinikin, kuma ya ji daɗinta har bakin garin Agiye. Nan ya zo wuce wani amalanken shanu, ya ja giya, sai ga fure a hannunsa, giya a wurinta. Kafin ya ankara tsinin ya soke shi a tafi, daidai kan tsohon tabo. Mai furen ya gangara ƙarƙashin kujeru, fasinjoji suka yi ta ɗaga ƙafa ana nema, wata tsohuwa ta tsinto shi a gefen kajinta ta tambaya ko na sayarwa ne.

A Agiye ya tsaya wajen mai walda. Mai walda ya duba ya ce abu mai sauƙi ne, a yanke tsinin a liƙa ƙusa mai haƙora, fure ya zauna har abada. Sha'ibu ya san in aka yanke tsinin nan kirya ta gama zama a motarsa, amma hannunsa na jini, bakinsa ya ce a yanke. An ɗauko zarto ke nan wayarsa ta yi ƙara. Saudatu ce.

"Baba Sha'ibu, likitocin ido za su sauka Gidan Rumji ranar Laraba. Baba ya yarda a yi mashi aikin."

"Alhamdu lillahi. Wa ya shawo kansa?"

"Ni, da kuka. Amma ya ce ba shi hawan kabu-kabu, ba shi hawan amalanke. In ba motar ƙanenshi ba, a bar mashi idonshi yadda yake."

Sha'ibu ya dafe hannun mai walda ya ce a dakata. Ya kai fasinjojinsa Maraɗi da tsumma a hannu kamar shekarun farko, ya juyo gida ko lodi bai tsaya yi ba. Yana shiga ya nufi tarin itace ya hau tonawa. Zaituna na zaune tana murza ƙuli, ta bar shi sai da ya watsa itacen kaf a tsakar gida.

"In kiryar nan kake nema, ai ita ta dafa maka tuwon jiya. Ta iya wuta."

Sha'ibu ya zauna a ƙasa, babban direba guda, wanda ba ya tsoron jandarma. Ta dube shi ta ga abin ya isa haka, ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe kwalla ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a gabansa. Ta ce ita ba ta ƙona abin da aka shafa wa man shanu shekara ashirin.

Wanda ya ga Sha'ibu a kwanakin nan ba zai ce ɗan falke ba ne. Ya tuna yadda ake ɓoye tsagar turmi a gidansu kafin a kai kasuwa. Ya kankaro garin itacen daga ciki, ya jiƙa ƙaro, ya haɗa da gam na kanti, ya mai da ɓari biyu a kan tsinin, ya ɗaure tamau da roba ya bar mota a rana. Da ya bushe ya bi tsagar da garin itace, ya goge da lallausan yashi, ya shafe da mai, ya sake gogewa. Ya kira Zaituna ya ce ta nuna masa inda ya fashe. Ta duba ta sake dubawa, ta ce ba ta gani ba. Ya yi dariyar nasara. Ta ce, "Ni dai da ido na duba." Bai tsaya jin wannan ba, don shi a rayuwarsa in ido ya gamsu magana ta ƙare.

Ranar tafiya ya wuce Tibiri ba tsayawa, ya isa Gidan Sori da hantsi. Saudatu ta fito da uban, an sa masa farar riga da hula sabuwa. Aka zaunar da shi gidan gaba kamar kullum, ita ta shiga baya ta kujerar direba, tun da waccan ƙofar sai an kwance igiya.

"Tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

Hannun ya taho. Sha'ibu ya kafa ido a kan hanya, alhali ko tashi motar ba ta yi ba. Tafin ya rufe itacen, babban yatsa ya shiga gurbinsa, sannan ya fito ya bi wani layi a hankali daga sama har ƙasa, ya zagaya ya hau ta ɗaya gefen. Gwangwanin man shanu na cinyar tsoho, bai buɗe ba. Samarin unguwa suka tura mota ta tashi, aka fita gari, aka bi ta cikin gonakin gero da wake. Sha'ibu ya gyara murya.

"Zafin bana ne, Yaya. Na bar ta a rana, na dawo na tarar ta tsage."

"Rana ce?"

"Rana ce."

"To, wagga rana tana da hannu," in ji Sabo, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ta nemi jijiya ta samu, ta sara sau guda. Na koya ma 'ya'yana, na koya ma 'ya'yan mutane, ban samu wanda ka raba kirya da sara guda ba. Baba ya sha faɗi, duk gidanmu kai ad da hannu. Kuma ƙaron ya ji, ba a cika mashi ruwa ba. Ashe ba ka mance ba."

Da zagi aka yi wa Sha'ibu da ya san abin da zai yi da shi, a tasha ya girma. Tsoho ya ce ina sabon, a ba shi ya ji, ai ba a fasa tsoho sai an sayi sabo. Sha'ibu ya ciro mai fure daga aljihun mota ya miƙa. Sabo ya jujjuya shi a hannu, ya ce sumul yake, ba ya cin hannu. Saudatu ta ce har da fure a ciki, ja. Ya ce to madalla, in Allah ya buɗe idon sai ya gani. Ya mayar wa ƙanensa, ya naɗe hannayensa biyu a cinya, kuma har aka isa Gidan Rumji bai sake kai su kan giya ba.

Aiki ya yi kyau. Washegari aka cire bandeji, ido ɗaya ya buɗe. Sabo ya fito harabar asibiti yana ƙifce-ƙifce, ya daɗe yana kallon Saudatu, wadda rabonsa da ganinta tun tana 'yar yarinya. Ya dubi Sha'ibu ya ce, "Ashe kai ma ka yi furfura." Ya zagaya motar, ya yaba labule, ya yaba madubai. Sha'ibu ya yi sauri ya buɗe masa gidan gaba, ya tsaya riƙe da ƙofa, ga kirya can tana ƙyalli, ba mai ganin tsaga ko da ido biyu.

"Saudatu ta shiga nan," in ji Sabo. "Ni baya za ni zauna."

"Yaya, ƙofar baya sai an kwance igiya."

"A kwance, ba sauri muke ba." Ya ciro gwangwanin man shanu ya danƙa wa Sha'ibu a hannun da ke da ciwo. "Riƙe wannan, ka ba Zaituna ta sa a miya. Ka kai a ɗaura maka mai furen, kayanka ne, motarka ce. Kuma ka huta da tsayawa a hanya kana cire safa. Zarenta na maƙalewa a jijiyar itace. Duk zuwan da ka yi, sai na tsince shi kafin in shafa mai."

Sha'ibu ya durƙusa yana kwance igiya, ya daɗe a kan ƙulli ɗaya wanda ba shi da wuya. Ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a tasha, ko ranar turmi. Shi yana ganin shi ke rufa wa tsoho asiri, ashe tsoho ne ke rufa masa, kuma ya fi shi iyawa.

Har yau Sha'ibu na jan Fijo tsakanin Gazawa da Maraɗi, har yau sai an tura. Bai koma wajen mai walda ba. Mai furen na kan kwallar Zaituna, yara na wasa da shi. Kirya na kan giya ba safa, tsagar ta ɗan buɗe da zafin bazara, duk sanda ya sa giya sai ta mintsine shi a tafi. In aka kira Sha'ibu Ƙota yana amsawa, 'yan tasha ma sun rage kira tun da ya daina jin haushi. Man shanun bai shiga miya ba, shi ke shafawa da kansa ranar Juma'a. In ya je gida Sabo na fitowa da ƙafarsa ba mai jan sanda, ya tambayi Zaituna, ya tambayi Ridwanu, ya tambayi hanya, ya yi masa addu'a. Sha'ibu kan bar ƙofar gaba a buɗe ya tsaya kusa da ita yana jan gaisuwa, ko za a tambaye shi tana nan. Tsoho sai ya ce a shigo daga ciki, rana ta yi zafi.